Mai Goge Katako

Shekara talatin da ɗaya ina goge katakon nan
a Kwalejin Tollen Creek, bayan gonakin masarar Indiyana.
Ni ne Delmar. Kwandunan biyu sun san fuskata.

Kakana ya ce da kwandon tuffa aka fara,
kafe a bangon rumbu;
in ƙwallo ta shiga, sai an hau tsani.

Tutar farko, ta hamsin da takwas, asu ya ci gefenta.
Koci Orvel Tuggle ya kawo ta da yara bakwai.
Motarsu ta mutu cikin dusar ƙanƙara,
suka tura ta har bakin fili,
suka ci da maki ɗaya.

Sai shekara goma sha tara ba ko ɗigo.
Kujeru suka yi ta kallon juna.
Dutsen da muka dafa, Lavonte Pruitt ya sauke mana romonsa:
jifa daga tsakiya, ƙararrawa na kuka.

Yau jikarsa ke atisaye tun asuba,
takalminta na tsuwa inda na goge.
Can sama akwai sauran ƙusa ɗaya.
Kullum sai na share mata ƙura.