Abin da Na Rufe Ɗaki da Shi

Daren jiya ruwa ya faɗo wa Nima
kamar mai bin bashi, ko sallama babu.
Na hau benci da ƙusa uku a baki,
na ja tamfol ɗin ɗan takara
wanda iska ta yago daga bakin titi,
na shimfiɗa inda kwano ya ɓule.
Yanzu murmushinsa yana kallon sama,
ruwa na bi ta tsakanin haƙoransa.
Karo na farko ke nan, wallahi,
da bawan Allahn nan ya rufa mini asiri.

Sumaila nake, birkila.
Shekara goma sha tara ina ɗora bulo kan bulo.
Na gina gida mai banɗaki shida a Legon,
mai shi yana ƙasar waje, ƙadangaru ke zaune kyauta.
Ranar da aka sa ƙofa, mai gadi ya ce in bi ta baya.
Na dawo da siminti a farce,
na shiga layin bayan gida na unguwa
da kuɗina a hannu, ina canja ƙafa.

Anti Adole ta ce haya ta ƙare.
Shekara biyu a dunƙule, ko in kwashe.
Ban ce muguwa ce ba,
tana da jika kwance a Korle Bu.
Amma wa aka taɓa biya ladan badi yau?
An ce akwai doka, wata shida kawai.
Ina jin dokar ma ba ta sami wurin kwana ba.

Adiza mai dakon kaya a Makola
da daro take matashi a ƙofar shagon wani.
Har barandar sai ta biya.
An ba ta rigar jam'iyya ran gangami,
ta naɗe goyonta da ita.
Ta ce yadin bai da kauri.

Shi kuwa Mutala, jan fenti ya tarar a jikin bukkarsa
a Fadama, wancan zaɓen da kwana arba'in.
Katafila ta riga ladan tashi.
Ya tsira da buta da katin zaɓe.

Yau ga mota da lasifika:
gida dubu ɗari! gida dubu ɗari!
Ranka ya daɗe, sassauta.
Ni na san nauyin bulo ɗaya,
na san yashin da tifa ke ɗauka.
Kar ka ƙirga mini dubu.
Je ka sa taga a waɗanda aka fara aka watsar,
ciyawa ta kai musu wuya.
Bar ni in biya haya wata-wata, yadda nake ci.
In za ka rusa, fara miƙo makulli.
Fili ɗaya kuma a daina sayar wa mutum uku,
na gaji da zuba harsashi ƙarƙashin adda.
Sai babbar kwatar nan tamu
da ke shigo mana ɗaki duk damina
ta fita da takalman yara.

Ba fada na roƙa ba.
Ɗaki da falo, famfo a tsakar gida,
ƙofar da 'yata Fusena za ta rufe ta yi karatu.

Ran zaɓe zan je, ban fasa ba.
Siminti ya cinye zanen yatsana,
na'ura takan yi ta musu kafin ta yarda ni ne.
Zan tsaya har ta yarda.

Ga shi ruwa ya dawo.
Ɗigo ya fara ta kunnensa na hagu.
Fusena, miƙo bokiti.