Ɗan Gidan Waya

Jiya a Ƙofar Marusa, teburin mai shayi,
wani yaro ya gaji da jiran ƙwai biyu,
ya daki benci: "Haba, ɗan gidan waya!
Sai gobe za ka kawo?"
Kofina ya huce a hannuna,
kowa sai ni ya yi dariya.

Ashe haka kuke faɗa yanzu.
Mai nawa, ɗan gidan waya ne,
wanda ya ci bashi ya ɓuya, shi ma,
har akuyar da ta ƙi tashi a titi.
Yaro, abin da ke ƙyalli a tafinka,
ina ya aro sunansa na waya?

Ubana Barau, shekara talatin da ɗaya
yana ɗauke da maganar mutane a jaka.
Baƙin keke mai sarƙa mai zamewa,
kaki mai ƙanshin gawayin dutsen guga.
Daga Rafindadi har Gambarawa
ba lungun da bai ba shi hanya.

Ran da ruwa ya shanye Yammawa
ya tuɓe riga ya naɗe jakar,
ya shigo jiƙe sharkaf, haƙora na kaɗawa,
takardu ko ɗigo bai taɓa su ba.
Kwana tara yana kwance.
Na goma ya ce a miƙo famfon taya.

Iya Tasalla, can bayan Gobarau,
ɗanta soja ne, ita ba ta san boko ba.
A bakin zaure yake karanta mata.
Inda ɗan ya ambaci rauni
sai ya sassauta murya,
bai rage ba, bai ƙara ba.
Kuɗin ciki ya ƙirga mata sau biyu
gaban maƙwabci, don gudun kunya.

Wasiƙa takan makara, ban musa ba.
Motar Kano takan mutu a Kankiya,
wani ya rubuta "gidan Alhaji, kusa da bedi"
a garin da Alhazai suka fi bedi yawa.
Albashi ma yakan yi wata uku a hanya,
tuwonmu ya kwana ba miya.
Wa kuka laƙaba wa suna don wannan?
Ku faɗa mini gaskiya.

Suna nan har yau, je ka leƙa.
Ladidi bayan kanta, yatsunta duk tawada,
fanka ta tsaya, hatimi bai tsaya ba.
Watakila takardar da kake taƙama da ita
a hannunta ta kwana ajiya.

Ban ce wa yaron uffan ba.
Ƙwansa ya iso, ya ci, ya tafi.
Amma in ya sake kira zan waiwaya,
don ba zagi ya yi ba, suna ya kira:
da kuɗin kan sarki aka yi mini zanen suna,
ni ne ɗan gidan waya.