Albarushin Rakiya

Ranar Laraba ruwa ya kwana yana zuba,
Aboabo ta jiƙe har bakin ɗaki.
Kawu Jatau ya ce in jawo akwatin ƙarƙashin gado.
Gwangwanin madara uku, tsatsa ta ci bakinsu,
ƙahon rago mai toshiyar katako,
da adaka a naɗe cikin tsohon zane.

Idonsa ya tafi tun bara.
Yatsu takwas gare shi,
biyun ya baro su a gonar koko wajen Ejisu
shekarar da gaggawa ta sa ya yi wa bindiga cushe.

Ya buɗe na fari, ya murza.
"Ka ji shi, laushi kamar kwalli.
Mai zuciya ne, ba ya bari a gama magana.
Wannan na sabon ƙarfe ne.
Ka ɗura wa tsohuwa irin tawa,
sai ta tsage maka a kafaɗa."

Na biyu ya kai kunne ya girgiza,
ya ja tsaki.
"Ya sha damina, ya dunƙule kamar daddawa.
Da irinsa na tsaya gaban gada a dajin Offinso,
na ja kunama, bindiga ta ce fus.
Gada ta ɗago ta dube ni,
ta koma kiwonta."

Na uku ƙwayarsa manya, kamar geron da ba a surfa ba.
Hannunsa ya daɗe a ciki.
"Wannan Opanin Adusei ya auna mini
a rumfarsa ta bayan Kejetia.
Shekara talatin ina saye,
bai taɓa gauraya mini da ƙasa ba.
Hausarsa ba ta wuce sannu da kawo kuɗi,
Tonancina bai wuce na ciniki ba,
amma in ya leƙa bakin bindiga
ya san abin da cikinta zai ɗauka.
Wannan mai haƙuri ne.
Sai ya nisa kafin ya yi tsawa."

Na ce, Kawu, wa zai kai ka daji?
Ya ce, wa ya ce maka daji za mu?
Asabar ake makokin Adusei a Bekwai,
su kuwa da ƙarar bindiga suke raka dattijonsu.

Na miƙa masa jakar dalma, ya ture.
"Tun ina saurayi nake zaɓen wanda zai kai harsashi inda na nufa.
Yau wanda za a ji nake so.
Liman ya ce ba al'adarmu ba ce.
Na ce gaskiya ne, Malam,
sai dai akwai bashin da ba a biya da sidi."

Asabar muka hau tirotiro,
takardar 'yan sanda a ninke cikin hularsa.
Fili ya cika da ja da baƙi,
ganguna na magana da harshen da ban iya ba.
Shi ya ɗura da kansa, ya danna tsumma,
bai yarda na taɓa ba.
Ni dai gwiwar hannunsa na riƙe,
na ɗaga masa bakin ƙarfen sama, nesa da mutane.

Ta tashi.
Tsuntsaye suka watse daga kan mangwaro,
wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta yi guɗa irin tasu.
Kawu ya yi taga-taga, ya tsaya.

"Hayaƙin fari ne?"
Na ce fari tas, har ya wuce rufin coci.
"To," ya ce, "bai cuce ni ba."

A hanyar dawowa barci ya kwashe shi tun kafin Anwiankwanta,
kansa a kafaɗata, rigarsa na warin albarushi.
Gwangwanin na uku yana aljihuna,
duk ramin da mota ta faɗa
sai in ji sauran ƙwayoyin suna motsi.