Wutar Can da Wutar Nan

Shekara tara Sagiru yana Amurka.
Ya dawo da akwati biyu da furfura a gemu.
Tsarabar Kawu Tukur tana can ƙasa,
naɗe cikin safa:
injin aski, baƙi wuluk, mai nauyin dutsen guga.

Kawu ya juya shi, ya shinshina,
ya ce duk Kurna ta zo ta gani.
Sai dai haƙoran filogin biyu ne, masu faɗi kamar reza,
soket ɗin shago kuwa ido uku gare shi,
bai san baƙon ba.
Muka cusa murfin biro a idon sama yadda muka saba,
ya ƙi.

Ni aka aika Titin Beirut.
Na dawo da adafta a aljihu, ina taƙama.

An kawo wuta bayan la'asar.
Gambo mai kayan miya ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle.
Injin ya ɗauki kuka kamar an taɓa gidan rina,
ya share rabin kai kafin a ƙifta ido,
sai ƙauri,
sai hayaƙi siriri irin na turaren tsinke,
sai shiru.

Nafi'u mai gyara ya gyara zaman tabarau,
ya karanta ƙananan baƙaƙen da ke gindin injin.
Ya ce, "Ɗari da goma yake ci,
kun ɗura masa ɗari biyu da talatin.
Adafta baki take daidaitawa, ba ciki ba.
Cajar waya ce mai cin tuwon kowane gida,
wannan sai da taransifoma a tsakani, mai sassauta masa wuta."

Kawu bai tanka ba.
Ya jawo zabira, ya wasa aska a tafin hannu,
ya ƙarasa kan Gambo kyauta.

Da dare zaure ya cika.
Mai kuɗin asibiti, mai neman biza,
mai rufin ɗakin da damina ta kayar.
Hausar Sagiru tana shiga daram, ko gargada babu,
kowa na cewa bai canja ba.
Ni kaɗai na ga yatsunsa na rawa a jikin kofin shayi.

Na tashi na tsaya a bakin ƙofa.
Na ce, "Ɗaya bayan ɗaya.
Saura ku dawo gobe."