Gonar Gwaji

Shekara talatin da ɗaya ina malamin gona,
babur ɗina ya san kowace kunya a fadamar Zauro.
Ni ne mai zuwa da sabon iri ƙulle a leda,
in ce da manomi: ara mini gefe guda,
sauran ka shuka abin da kakanka ya shuka,
nan kawai mu yi gwaji.

Arzika ya taɓa kora ta da lauje.
Ya ce, "Ɗan boko, in ta ƙi, takardarka 'ya'yana za su ci?"
Dariya na yi ran nan.
Yau ga ni a Birnin Kebbi, gado na shida daga ƙofa,
an yanke mini taƙi guda na hanji.

Aka buɗe ƙofa gefen cibiya, aka manna jaka.
Kulu ke sauyawa. Ba ta taɓa yamutsa fuska ba,
ni ne mai kau da kai.
Muka ce an gama, har muka yi sadaka.
Wata tara, hoto ya dawo da ɗigo uku a hanta.
An cire kai, iri ya riga ya zube,
haka halin ƙuduji.

Dakta Murjanatu ta juya bayan kati tana zane.
"Na farko ka san shi, Baba,
ƙarin ruwan da ya kashe maka yatsu,
ya mai da ruwan randa allura a maƙogwaro."
Na ce na sani. Feshi ne,
ba ya tambayar wace ce ciyawa, wace ce shinkafa.
Tun da na sha shi harshena bai ƙara gane yaji.

"Na biyun ba ya kisa da kansa.
Jikinka na da masu gadi,
ciwon ne ya sa rigar 'yan gida yana wuce su da sallama.
Wannan zai kwance musu ƙyallen ido
su ga abin da ke kwance a zaure maciji.

Ga wasu ya yi. Ga irin naka, ba mu sani ba tukuna,
shi ya sa ake so a haɗa su a gani.
Mai gadi kuma in ya farka a firgice
yakan sari ɗan gida:
zawo, zazzaɓi, ƙurji."

Na'ura, wai, za ta jefa ƙuri'a:
ko in faɗa gefen sabon iri,
ko gefen da ake auna shi da shi.
Wannan gefen ni na sha kafa masa turaku.
Ban taɓa tambayar ƙasa ko ta yarda ba.
Ɗana ya tashi tsaye: "Zakaran gwajin dafi za su mai da kai!"
Na ce, zauna, Magaji.

Ran Laraba sai ga Arzika, da sanda, ido ɗaya ya tafi,
jikansa na ɗauke da tiya biyu ta shinkafa.
Ya ce, "Irinka ce. Shekarar farko ta ƙi.
Ta biyu ruwa ya ci.
Ba don na yarda da kai na ba ka gefen ba,
dama can gefen da ambaliya ke ci ne."
Ya zauna har la'asar, bai ce in sa hannu ba,
bai ce kar in sa ba.
Ya tafi, wai bai rufe kaji.

Na sa hannu da yatsun da ba sa jin biro.
Na roƙi Kulu littafi mai layi, irin na aikina na da:
kwanan wata, nauyi, zafin jiki, sau nawa jaka ta cika.
Ko ta ƙi, a rubuta ta ƙi.
Wani zai kwanta a gadon nan bayana,
a samu abin karanta masa.
Ruwa na ɗiga, ina ƙirgawa, ina ɓata lissafi.
Shuka dai na yi.
Damina ta Ubangiji.