Fayil Na Arba'in Da Ɗaya

A bene na biyu, bayan titin gidan Zu,
inda ƙarar injin maƙwabci ke shigowa ta taga,
nake zaune da fayil arba'in a jere,
kowanne da lambarsa a goshi
kamar dilolin da aka yi wa shaida kafin a loda.

Na ɗaya Tasi'u ya rubuta, shekara shida ke nan.
Tebur guda: suna, lambar waya, kuɗin zubi.
Ya ɗauka 'yan adashen Kantin Kwari
za su shige gurbi uku su miƙe ƙafa.

Na bakwai ya kawo gurbin laƙabi,
don an yi sati biyu ana neman Sama'ila Garba
alhali duk layin ya san shi,
sai dai da Gajere Mai Leshi.
Na sha uku ya faɗaɗa wurin waya
saboda Hajiya Ladidi: layi uku gare ta,
ɗaya na gida, ɗaya na ciniki,
ɗaya na masu bin ta bashi, ba ta ɗagawa.

Na ashirin da biyu kuskure ne. Nawa ne.
Na hana kwabo wurin zama,
naira ta haɗiye 'yan canjin mutum ɗari biyu.
Na kai hannu zan gyara shi a ɓoye,
Tasi'u ya dafa bayan kujerata:
"Zulai, abin da ya riga ya gudana ba a taɓa shi.
Buɗe na ashirin da uku, ki faɗi abin da kika ɓata."
Har yau suna nan, kafaɗa da kafaɗa,
laifina da tubana,
lamba ɗaya ce tsakaninsu.

Kamilu kuwa bai son dogon turanci.
Wani daren Alhamis ya shiga rumbun da hannu,
ya ƙara gurbi, bai bar fayil ba, bai bar sawu ba.
Da safe kwamfutata ta ce fari,
uwar garke ta ce baƙi,
kamar tela biyu sun yanka yadi ɗaya
kowa da awon da ke kansa.
Kwana biyu muna lalube, shayi ya huce sau nawa,
kafin ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne."

Tun ranar, doka:
kowane canji da fayil, kowane fayil da fuska biyu,
hanyar zuwa a sama,
hanyar dawowa a ƙasa.

Yau da la'asar wani yaro ya hawo benen,
rigar makaranta a jikinsa, takarda a ninke.
Gajere ya rasu ranar Talata.
Zubi tara ya bari a rumbu.
Na duba tebur, na sake dubawa:
akwai laƙabi, akwai waya, akwai kwabo,
babu inda zan sa magaji.
Shekara shida, fayil arba'in,
ba wanda ya tuna mai zubi yana mutuwa.

Tasi'u na Legas yanzu, ba ya ɗaga waya da rana.
Na buɗe sabo, na sa masa lamba.
A sama: ƙara ranar rasuwa, ƙara sunan magaji.
A ƙasa: cire su, koma yadda ake.

Layi biyu kacal, hanyar dawowar.
Na'ura ta karɓa ba musu.
Na daɗe ina kallonsu,
don ita a wurinta da gaske ne,
danna ɗaya, jiya ta dawo.

Ana kiran magariba a masallacin ƙasa.
Na gwada a tawa, ya wuce.
Na tura wa uwar garke, ya wuce.
Na juyo ga yaron, yana murza gefen takarda,
na ce, "Faɗa min sunanka cikakke,
har da wanda ake kiranka da shi a gida."