Igiyar Tsiala

Da asuba, kafin motocin Tbilisi su farka,
Tsiala ta gangara bakin kogin Mtkvari
da kwalba ɗaure a igiya,
gwiwarta na kuka kamar tsohon ƙyaure.
Ba ruwan sha take nema ba.
Inda ya fi dauɗa, can ta jefa,
ƙarƙashin gada, inda magudanar gari ke amai.

Mai kamun kifi ya dube ta, ya girgiza kai.
Ta ce, "Ni da kai sana'armu ɗaya,
sai dai nawa kifin ba ya ganuwa."

A ɗaki na bakwai Guram na kwance.
Magini ne, ƙusa ta soke shi a dunduniya,
hunturu biyu ke nan.
An yi allura, an haɗiyi ƙwaya fara da ja,
gyambon ko gezau.
Abin da ke cikinsa ya haddace magungunan
har ya san ta inda kowanne zai ɓullo.

Ta lakato ruwan mikin, ta shafa a faranti,
ta ajiye a ɗumi irin na jikin mutum.
Washegari fuskar farantin ta dushe
kamar gilashin da aka hura wa numfashi.

"Bakteriya ke nan," ta ce wa ɗalibinta Beso.
"Gida ce sukutum, da katangarta da murhunta.
Tana ci, tana zubar da shara,
in ta ƙoshi sai ta tsage biyu,
ba goyo, ba yaye, ba ranar suna.
Kafin shayinka ya huce
uwa ta zama tagwaye, ba ta bar gawa ba."

"To, bairas fa?"

"Wasiƙa ce cikin ambulan.
Ba ya ci, ba ya sha, ba ya numfashi,
ba a ce masa rayayye, ba a kuma yi masa makoki.
Yawo yake da mabuɗi guda,
ya wuce ƙofa dubu, babu tasa.
Ranar da ya dace da kwaɗonsa
sai ya zura takardar, ya bar ambulan a waje.
Mai gida ta karanta, ta manta sunanta,
ta hau ƙera baƙi da tukunyarta,
hamsin, ɗari, har katanga ta fashe."

Ta tace ruwan kogin
da matacin da bakteriya ba ta iya ratsawa.
Ta ɗiga, ta jira.
Kwalbar farko shiru, ta biyu shiru,
ta uku ta kife a tebur, Beso ya sha faɗa.
Ran Alhamis ta ɗaga faranti wajen taga:
'yan huji-huji, garau,
kamar asu ya kwana a mayafi.
Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.
Ba ta yi ihu ba.
Ta cire tabarau, ta goge, ta sake dubawa.

Guram ya ce, "Cuta za ki zuba mini kan cuta?"
Ta ce, "Ba shi da mabuɗin ƙofarka.
Maƙiyinka ya zo nema, kai masauki ne kawai."
Bayan mako biyar ya taka ƙasa,
yana ɗingishi, yana zagin sandarsa.

Da dare, ita kaɗai a kicin,
ta kwance tsohon bargon da ta naɗe tulu.
Madarar jiya ta kama, matsoni ya yi tsami daidai.
Su ma dangin waɗancan ne, masu katanga da murhu.
Shekara arba'in tana farautar 'yan'uwansu,
su kuwa tana lulluɓe su kada su ji sanyi.
Ta sha cokali uku, ta rage na ɗaurin gobe.

Ta san wata rana mai gida za ta sake kwaɗo,
mabuɗin yau ya koma ƙarfen banza.
Shi ya sa ba ta yar da igiyar ba.
Tana nan rataye a bayan ƙofa,
har yanzu da danshinta,
da ɗan warin kogi.